Martani: Abin da Ke Saura Bayan An Cire Jan Ƙarfe

Sharar lantarki ita ce duk wani kaya mai aiki da wuta ko da batir wanda mai shi ya haƙura da shi: kwamfuta, wayar hannu, talabijin, firji, fanka, dutsen guga, da tarin caja da wayoyin da ke biye da su. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya biyu, ITU da UNITAR, suka fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 duniya ta tara tan miliyan 62 na wannan shara, kuma kashi 22.3 cikin ɗari kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya kamata. A nahiyar Afirka abin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, alhali Nijeriya ita kaɗai tana fitar da kusan tan 500,000 a shekara.

Wani marubuci ya yi maƙala kwanakin baya yana ƙalubalantar masu kiran a gyara yadda ake sarrafa wannan shara. A ganinsa damuwa ce ta Turawa da aka aro aka yafa. Hujjarsa ita ce a ƙasar Hausa ba a zubar da komai: abin da ya lalace mai gyara ya tashe shi, wanda ya gagari mai gyara 'yan gwangwan su saye shi a kan sikeli, saboda haka aikin da ake ta kira a yi an daɗe ana yin sa. Ya ƙara da cewa duk dokar da za a kafa, abincin talaka za ta taɓa, kuma in ma akwai ƙazanta to ta Turai ce da ake jibgewa a Legas da tashar Tema ta Ghana, a toshe mata hanya a huta. Daga ƙarshe ya ce shi dai bai taɓa ganin wanda tsohuwar kwamfuta ta kashe ba.

Rabin farko na maganarsa gaskiya ne, kuma ya cancanci a faɗa ba tare da ƙyashi ba. Duk wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ko Computer Village a Ikeja, ko Panteka a Kaduna, ko Katako a Yamai, ya san irin basirar da ke wurin. Wayar da a Landan za a ce ta gama yawo, a nan saurayi ne zai zauna da ita a kan benci, ya ɗaga gilashi, ya canja wurin caji, ya ciro wani ɗan ƙaramin abu daga matacciyar 'yar'uwarta ya liƙa mata, ta sake yin shekara biyu a aljihun wani. Wannan ya fi narkarwa amfani nesa ba kusa ba, domin babban kaso na ma'adinai da makamashin da na'ura ke ci a rayuwarta, a wajen ƙera ta ake cinye shi. Haka kuma wajen tattarawa. Wani bincike da sakatariyar Yarjejeniyar Basel kan shara mai cutarwa ta kammala a 2011 a ƙasashe biyar na Afirka ta Yamma ya gano cewa a Ghana ana tattara kusan kashi 95 cikin ɗari na matattun kayan lantarki, kuma masu tura kura da baro ne ke yin aikin. Akwai ƙasashen Turai da ba su kai haka ba duk da motocinsu da dokokinsu. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya ba sa ƙirga wannan aiki saboda ba a rubuce yake ba, kuma a nan marubucin yana da abin cewa.

Kuskuren maƙalar shi ne ta tsaya a bakin sikeli, ba ta bi kayan ta ga inda suke kwana ba. A ɗauki tsohuwar kwamfutar tebur mai babban allo mai ƙeya, irin wadda ta cika ɗakunan ajiya na makarantu da ma'aikatu. Ɗan gwangwan ya saye ta, ya kai ta rumfa, ya ɗauko guduma da sukundireba. Akwatin ƙarfen ya tafi tarin baƙin ƙarfe, daga can kamfanonin narka su mai da shi rodi. Alminiyam ɗin da ke sanyaya ƙwaƙwalwarta ya tafi wajen maƙeran tukwane. Koren allon da ke ɗauke da ƙananan sassa, wanda masu gyara ke kira fanel, a auna shi kilo-kilo a sayar wa dillali. A wuyan kwalbar allon akwai wani nadi na jan ƙarfe, kuma hanya mafi sauri ta samun sa ita ce a fasa wuyan. To daga nan cinikin ya ƙare. Abin da ya rage a ƙasa, wato gilashin kwalbar da robar jiki, shi ya fi nauyi a cikin kayan, kuma babu mai saye. Gilashin nan yana ɗauke da dalma, daga kilo ɗaya zuwa uku gwargwadon girman allon. Cikinsa akwai wata hoda mai guba da ke tashi da zarar an fasa. Robar kuwa an gauraya ta da sinadarin hana kama wuta mai ɗauke da buromin. Makomarsu kududdufi ce, ko kwata, ko wutar juji, damina ta zo ta wanke abin da ta wanke zuwa rijiyoyi da lambuna.

Sauran kayan ma kowanne da irin nasa ragowar. Tsofaffin alluna masu faɗi suna da siraran fitilu a bayansu masu ɗauke da zaiba, wadda ke zama tururi idan fitilar ta fashe. Firji idan aka sare kwamfuresarsa da gatari, iskar gas ɗin ta tafi sama, man ya malale a ƙasa. Batirin waya da na kwamfutar tafi-da-gidanka, idan aka huda shi ko ya sha rana a cikin tari, yana kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Ko tukunyar da ake yabo a matsayin shaidar cewa ba a asarar komai tana da nata batun, domin wani bincike da aka wallafa a 2014 a kan tukwanen da ake zubawa da tarkacen alminiyam a Kamaru ya gano dalma na fita daga cikinsu tana shiga abin da ake dafawa.

Mafi munin mataki shi ne ƙona waya. Jan ƙarfe, wanda 'yan kasuwar ke kira kofa, shi ne ribar sana'ar, amma yana lulluɓe da roba. Waya mai kauri a kan fere ta da wuƙa. Siririya kuwa ba ta feruwa, sai a dunƙule ta a cinna mata wuta. An fi sanin wannan aiki a Agbogbloshie, a bakin kogin Odaw a birnin Akara, inda kafin a rushe wurin a 2021 galibin masu yin sa samari ne da suka gangaro ci-rani daga arewacin Ghana. Ana rura wutar da tsohuwar taya ko soson cikin firji. Yaro ya tsaya a kanta da doguwar sandar ƙarfe yana juya dunƙulen, baƙin hayaƙi mai kauri na dukan fuskarsa, idanunsa jajur. Idan robar ta cinye sai a yayyafa ruwan leda, a karkaɗe toka, a kai sikeli. Masu sayar da ruwan ledar sau da yawa 'yan mata ne ƙanana, kuma hayaƙin da ya shaƙa shi suke shaƙa. Robar waya tana ɗauke da sinadarin kulorin, kuma ƙona ta a buɗaɗɗen fili da wuta mai rauni yana haifar da dayoksin, gubar da ba ta ruɓewa da wuri. Tana zama a ƙasa, ta shiga jikin dabba ta taru a kitse, daga nan ta shiga jikin mai ci. A 2019 ƙungiyoyin IPEN da Basel Action Network sun auna ƙwan kajin da ke kiwo a wurin, suka tarar cewa baligin da ya ci ƙwai ɗaya tak ya sha dayoksin da ya ninka har sau 220 abin da hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta ce jiki na iya ɗauka a rana. Irin wannan wuta ba a Akara kaɗai ake kunna ta ba. Ana ganin hayaƙinta a bayan rumfunan gwangwan a biranen arewacin Nijeriya, sau da yawa da asuba ko da dare.

Wannan ya kawo batun rashin ganin wanda tsohuwar kwamfuta ta kashe. Gubar dalma ba ta zuwa da alamar da za a nuna a ce ga ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ma'auni na dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana zuƙe ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba ke zuƙa idan ta shiga ciki. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage kaifin fahimta, ta jawo ƙarancin jini da ciwon ƙoda da hawan jini. Tana ɓuya a ƙashi shekara da shekaru, idan mace ta sami ciki ta fito ta shiga jinin ɗan tayi. Yaron da ta taɓa ba lallai ya kwanta ciwo ba. Sai dai a ga yana baya a aji, a ce ba ya ja, a yi ta dukansa a kan laifin da ba nasa ba. Idan ta yi yawa sai ta zo da suma da jijjiga, a ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko iska.

Kuma ta kashe, an gani. A Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, a unguwar da ake fasa tsofaffin batiran mota, mata na tankaɗe ƙasar wurin a cikin gidaje don tsamo dalma su sayar. Masu karatu a arewacin Nijeriya ba sa buƙatar a kai su Senegal ma. A 2010 aka gano bala'in gubar dalma a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, inda yara aƙalla 400 suka rasu. Tushen waccan gubar dutsen zinare ne da ake daka a tsakar gida, ba kayan lantarki ba, amma hanyar shigarta ɗaya ce: ƙura a ƙasa, yaro na rarrafe, hannu zuwa baki. Kafin likitocin ƙungiyar agaji ta MSF su auna jini, watanni aka yi ana binne yara ba a san me ke ɗaukar su ba. Yanzu da sola da inbata suka shiga gidaje da shaguna da masallatai, manyan batira masu cike da dalma da asid suna ƙaruwa a kowace unguwa, kuma kowannensu shekaru kaɗan yake yi ya mutu ya faɗa hannun mai guduma.

Batun abincin talaka shi ne hujjar marubucin mafi ƙarfi, don haka ya kamata a duba wa ke cin riba a tsarin da yake karewa. Rahoton 2024 ya ƙiyasta cewa ƙarafan da ke cikin sharar lantarkin 2022 sun kai darajar dala biliyan 91, ciki har da jan ƙarfe na biliyan 19 da zinare na biliyan 15. Zinaren nan a fanel yake, ɗan kaɗan-kaɗan a bakin kowace mahaɗa, tare da azurfa da faladiyam. Japan ta nuna yawansa a zahiri: lambobin yabo kusan 5,000 na gasar Olamfik da ta naƙasassu a Tokyo duka daga tsofaffin na'urori aka ƙera su, ciki har da wayoyi sama da miliyan shida da jama'a suka bayar, aka tace zinare kilo 32. Tace shi yadda ya kamata sai manyan matatu irin ta Umicore da ke Hoboken a Beljiyam, waɗanda ke fitar da ƙarafa iri-iri daga narki ɗaya su kuma tare hayaƙin. Wanda ya gwada da asid a cikin bokiti yana asarar kaso mai yawa na zinaren, ya kuma zubar da ruwan gubar a kwata. Ɗan gwangwan dai kuɗin kilo yake karɓa, ribar gaske tana gaba a hannun dillali da mai fitarwa waje. Ko jan ƙarfen da aka ƙona ya fi wanda aka fere arha. Rabon yaron da ke kan wuta shi ne mafi ƙanƙanta a cikin kuɗin, ga tari da ƙuna da ciwon ƙirji, ga kuɗin magani daga aljihunsa. Duk mai kishin abincinsa, kamata ya yi ya nemi a raba shi da wutar a bar masa sana'ar.

Zancen cewa sharar ta baƙi ce yana da tushe a tarihi. A 1988 aka gano dubban gangunan guba daga Italiya a garin Koko, cikin jihar Delta ta yanzu, abin da ya sa gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 42 a kan shara mai cutarwa. Irin waɗannan abubuwa ne suka haifar da Yarjejeniyar Basel a 1989, da ta Bamako ta ƙasashen Afirka a 1991. Har yau ana shigo da matattun kaya da sunan na hannu. Binciken da aka gudanar a tashoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016 ya gano ana shigo da kusan tan 60,000 na kayan lantarki na hannu a shekara, aƙalla tan 15,400 daga ciki ba sa aiki, kashi 77 cikin ɗari daga tashoshin Tarayyar Turai, kuma mafi yawansu cushe a cikin motocin tokumbo inda ba a cika dubawa ba. Wannan laifi ne, a kama masu yin sa. Ghana da Suwizalan sun jagoranci gyaran Basel da ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2025, wanda ya wajabta neman izinin ƙasa kafin a tura mata kowace irin sharar lantarki. Amma a ajiye tan 15,400 kusa da tan 500,000 a ga tazarar. Binciken 2011 da aka ambata ya nuna cewa har kashi 85 cikin ɗari na sharar yankin daga kayan da aka yi amfani da su a cikin gida take fitowa. Ko da an rufe tashoshin Apapa da Tema gobe, talabijin ɗin falo da wayar aljihu za su mutu a nan. Hana shigo da na hannu baki ɗaya kuma zai raba ɗalibi da kwamfutar da yake iya saye, ya rufe rumfunan masu gyaran da marubucin ke yabo.

Rusau ma ba magani ba ne. A watan Yulin 2021 hukumomi suka rushe Agbogbloshie da katafila, masu sana'ar suka watsu cikin unguwanni da bayan gari, suka ci gaba da ƙonawa kusa da gidajen mutane, inda sa ido ya fi wuya. Tsugune ba ta ƙare ba.

Asalin matsalar ta kuɗi ce. Kowace na'ura tana da sashe mai riba da sashe mai cin kuɗi. Kamfanin da zai sarrafa ta bisa ƙa'ida dole ya ɗauki duka biyun, ya biya kuɗin killace gilashi mai dalma da zuƙe gas da adana zaiba, shi ya sa ba zai iya taya kaya da farashin da ɗan gwangwan ke tayawa ba, tunda shi ɗan gwangwan yana ɗaukar mai daɗin ya bar wa unguwa mai ɗacin. Giɓin nan wani ne zai cike shi. Suwizalan ta fara tun shekarun 1990 da ɗan kuɗin da ake ƙarawa a farashin sabon kaya, Tarayyar Turai ta bi da dokarta a 2003, wadda ta ɗora wa mai ƙerawa da mai shigowa nauyin kayansa bayan sun mutu. Nijeriya ma tana da wannan a rubuce: hukumar kula da muhalli ta NESREA da aka kafa a 2007 ta fitar da ƙa'idojin kayan lantarki a 2011, aka sabunta su a 2022, kuma a 2018 aka kafa ƙungiyar EPRON don tara kuɗin daga kamfanoni. Ghana tana da doka mai lamba 917 ta 2016. An kuma gwada abin a aikace a Akara tare da hukumar GIZ ta Jamus, inda aka riƙa sayen waya da robarta a farashin da ya ɗara abin da mai ƙonawa zai samu. Masu tattarawa suka kawo da kansu, inji ya niƙa ya raba jan ƙarfe da roba ba tare da wuta ba. A irin wannan tsari mai kura yana nan da kurarsa, mai rumfa yana kwance kaya da sukundireba da safar hannu da takunkumi a maimakon guduma, matakin ƙarshe kaɗai ke komawa inda ake da kayan aikinsa. Abin da ke ci wa arewa tuwo a ƙwarya shi ne kamfanoni masu lasisin wannan aiki kaɗan ne, kuma galibinsu a Legas da kewayenta suke. Kano da Kaduna, da yawan kasuwanninsu na waya da gwangwan, suna buƙatar cibiyoyin karɓa nasu, kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwar su ne ƙofar da ta fi dacewa a bi.

Akwai wani ɓangare da maƙalar ba ta taɓo ba, wanda ya shafi mai kayan kai tsaye. Goge fayil ba ya cire shi daga faifan ajiyar kwamfuta, sunansa kawai yake ɓoyewa. A 2009 wasu ɗaliban aikin jarida daga Kanada suka sayi irin wannan faifai a wata kasuwa a Ghana kan dala 40, suka tarar da takardun kwangilolin tsaro na gwamnatin Amurka a ciki. Kwamfutar asibiti ko banki ko makaranta da aka yi gwanjonta haka nan tana tafiya da sunayen marasa lafiya da lambobin asusu da sakamakon jarrabawa, wayar gida kuma da hotunan iyali. Kafin na'ura ta bar hannu, a share faifan da manhajar da ke rubuta wani abu a kan tsohon, in ba ta tashi a cire shi a huda. Wadda ke da sauran numfashi a kai wa mai gyara ko a bai wa mai buƙata. Batir a cire shi daban, a liƙe bakinsa da salatif, a nisanta shi da rana da wuta. Na sola da na mota a mayar wa dillalin da ke karɓar tsoho da ruwansa a ciki, kada a tuntsurar da asid ɗin a ƙasa don rage nauyi. Allo mai ƙeya da siraran fitilu kuwa a ajiye su a busasshen wuri ba tare da an fasa ba, nesa da inda yara ke wasa, ma'aikatar da ta tara su da yawa ta nemi jerin kamfanoni masu lasisi daga ofishin NESREA na jiharta, ta kuma karɓi takardar shaidar inda kayan suka tafi.